Idan injin wankin ƙoda ya fara kuka, a fara duba kateta

Ƙarfe uku na dare, mara lafiya ya ɗan lafa, sai injin wankin ƙoda ya ɗauki ƙara, famfon jini ya tsaya cik. Duk nas da ta yi aikin dare a sashen kulawa ta musamman ta san yadda hannu ke riga tunani zuwa maɓallin kashe ƙara. A danna, injin ya tashi, bayan minti biyar ya sake tsayawa. Kafin asuba mataci ya toshe, a ce ai matacin ne ba shi da kyau. Galibi ba laifinsa ba ne.

Wannan wankin da ake yi ba dare ba rana, wanda likitoci ke kira CRRT, Peter Kramer ne ya fara shi a Göttingen ta Jamus a 1977. A lokacin bugun zuciyar mara lafiya ne ke tura jini cikin mataci. Yanzu famfo ne ke zuƙowa daga jijiya, mililita 150 zuwa 250 a minti, ta bututu guda mai hanya biyu, wato kateta. Duk sanda famfon ya tsaya, jini na kwance cikin mataci yana daskarewa. Shi ya sa ƙarar da ake ta kashewa ba tare da neman dalilinta ba ita ce ke cinye matacin.

Ku fara da lambar da ke kan allo. Matsin hanyar fitar jini yakan zauna tsakanin -50 da -150. In ya gangara zuwa -200 ko ƙasa, injin na ja ne jini ba ya zuwa. Ku bi layin da ido da hannu daga injin har fatar mara lafiya: maƙalin da aka manta a rufe, layin da ya naɗe ƙarƙashin filo, ko kateta da ta lanƙwashe a daidai inda aka ɗinke ta. In a cinya take, ku miƙar da ƙafar, domin ɗaga kan gado kaɗai na iya lanƙwasa ta a gindin cinya. In a wuya take, ku daidaita kan. Mai tari ko mai kokawa da injin numfashi ma yakan tayar da ƙarar.

In duk wannan lafiya lau, sai a gwada katetar kanta cikin tsabta, da sirinji mai cin mililita 20. In ta cika cikin daƙiƙa shida ba tare da turjiya ba, za ta iya ba da 200 a minti. In tana zuwa tana yankewa, ko dai bakin katetar ya manne da bangon jijiya, ko jijiyar ta shanye saboda ruwan jiki ya yi ƙasa. A nan sai a kira likita: ya juya katetar, ko a rage yawan ruwan da ake cirewa. Musanya layin ja da shuɗi, wato na fitar jini da na komawarsa, kan fitar da mutum kunya na ɗan lokaci, amma wani kaso na jinin da aka wanke zai riƙa komawa cikin injin, don haka ba abin dogaro ba ne.

Wurin sa kateta ma da magana. Ƙa'idojin ƙungiyar KDIGO na 2012 sun fifita jijiyar wuya ta dama, sai cinya, sai wuya ta hagu. A ta dama kateta mai kusan santimita 15 ta isa, ta cinya kuwa gajera wahala ce, a nemi mai 24.

Matsin da ke hawa sannu a hankali a cikin mataci, wannan daskarewa ce. A duba maganin hana daskarewa, heparin ko sitiret. Mai amfani da sitiret ya riƙa auna kalsiyam, na injin da na mara lafiya, musamman in hantarsa ta taɓu. Zuba ruwan maye gurbi kafin mataci yana sirka jinin, ya rage daskarewa.

In matsin ya ƙi sauka, kada ku jira toshewa. Ku mayar wa mara lafiya jininsa tun yana gudu, domin layi da mataci na babban mutum na riƙe da fiye da mililita 150. Mataci na iya kai sa'a 72. In biyu suka toshe a dare ɗaya, ku rubuta lambobin matsin da lokutan ƙarar, ku miƙa wa likita da safe a yi maganar sabuwar kateta.