Hukuncin Matafiyi Da Makaminsa A Inda Doka Ta Tsananta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako a kan wata mas'ala ce da ta shafi matafiya. Watau mutum ne yake da makami wanda dokar garinsu ta yarje masa ya riƙe domin kare kansa, wuƙa ce, ko takobi, ko bindiga mai lasisi. Sai tafiya ta kama shi zuwa wata jiha ko wata ƙasa wadda dokarta ta hana wannan makami. Shin zai ɓoye shi ya shiga da shi, tun da shari'a ta halatta masa kare kai, ko kuwa wajibi ne ya ajiye?

Halaccin kare kai

Babu saɓani cewa Musulunci ya ba mutum damar kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa. A aya ta 71 cikin Suratun Nisa'i Allah Maɗaukakin Sarki Ya umarci muminai da su zauna cikin shiri, a aya ta 102 kuma Ya yi umarni da riƙe makamai ko a cikin sallar tsoro. Hadisi ingantacce ya nuna cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ya yi shahada. Malaman Malikiyya sun ce a fara yi wa maharin gargaɗi idan da hali, sa'an nan a tunkuɗe shi da abin da ya fi sauƙi.

Sai dai mai karatu ya lura, halaccin kare kai abu ne dabam, ɗaukar makami a kowane wuri kuma abu ne dabam. Na farko haƙƙi ne da ba ya faɗuwa. Na biyu kuwa yana bin wuri da lokaci da alkawari.

Darasi daga Umratul Ƙada'i

A shekara ta 6 bayan hijira, daidai da 628, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla sulhu da Ƙuraishawa a Hudaibiyya. Cikin sharuɗɗan akwai cewa Musulmi za su koma Madina a wannan shekara, su dawo baɗi su yi umra, su kwana 3 a Makka, kuma kada su shiga da makami sai takubba cikin kube.

Da watan Zulƙida na shekara ta 7 ya kama, sai ya fito da sahabbai wajen 2,000. Bai bar makamai a Madina ba, domin hanya doguwa ce, kuma Ƙuraishawa ba abin sakankancewa ba ne. An taho da sulke da kwalkwali da masu da dawaki. Labari ya kai Makka, hankalinsu ya tashi, suka aiko a tambaye shi ko ya warware alkawari ne. Ya tabbatar musu cewa ba zai shiga ba sai bisa sharaɗin da aka yi. Aka sauke makaman a kwarin Ya'ajaj, nesa kaɗan da Makka, aka bar mutum wajen 200 suna gadinsu. Da kwana 3 suka cika, Ƙuraishawa suka nemi ya fita, ya kuwa fita.

To, ga hukunci nan a fili. A kan hanya an riƙe makami saboda hatsari. A bakin iyaka an ajiye shi saboda alkawari. Makka kuwa mahaifarsa ce, waɗanda suka gindaya sharaɗin su ne suka fitar da shi daga cikinta, amma duk da haka bai saɓa ba.

Izinin shiga alkawari ne

Malaman fiƙihu suna kiran izinin shiga ƙasar wasu da sunan amana. Ibnu Ƙudama ya bayyana a cikin Almugni cewa wanda ya shiga ƙasar abokan gaba da amana haramun ne ya ha'ince su, domin sun ba shi amanar ne bisa sharaɗin ba zai ci amanarsu ba, ko da ba a faɗi haka da baki ba. Idan haka abin yake game da abokan gaba, ina ga ƙasar da ake zaman lafiya da ita? Malaman wannan zamani sun ɗauki biza da hatimin kan iyaka a matsayin wannan amana. Aya ta farko ta Suratul Ma'ida ta yi umarni da cika alkawura, aya ta 34 ta Suratul Isra'i kuma ta nuna cewa alkawari abin tambaya ne ranar gobe.

Wani zai ce, ai larura ce, kuma waɗanda suka kafa dokar ba Musulmi ba ne. Amsarsa tana cikin labarin Huzaifa ɗan Yamani, Allah Ya yarda da shi. Ƙuraishawa sun tare shi da mahaifinsa gab da yaƙin Badar, ba su sake su ba sai da suka yi alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Da suka ba shi labari, sai ya umarce su da su koma, a cika wa mushirikai alkawarinsu, a nemi taimakon Allah a kansu. A ranar Musulmi ba su wuce ɗari uku da 'yan kai ba, abokan gaba kuwa kusan 1,000 ne.

Yadda dokoki suka bambanta a yau

Babu inda wannan mas'ala ta fi fitowa fili kamar Amurka, inda kowace jiha cikin jihohi 50 take da tata dokar. Tun 2021 jihar Texas ta bar yawancin waɗanda suka kai shekara 21 su ɗauki ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. Jihar New Jersey kuwa ba ta amincewa da lasisin wata jiha. A 2013 'yan sanda suka tsayar da motar wata mata daga Pennsylvania a New Jersey. Da bakinta ta gaya musu tana da bindiga da lasisin jiharsu. Aka kama ta, ta yi makonni a tsare, sai a 2015 gwamnan jihar ya yi mata afuwa. Akwai dokar tarayya ta 1986 da ta kare mai wucewa, muddin bindigar ba harsashi a cikinta, kuma an sa ta inda hannu ba ya kaiwa, kamar but ɗin mota. Amma wannan kariya ta mai ratsawa ce, ba ta mai sauka ya zauna ba.

A Ingila, dokar 1988 ta hana yawo da wuƙa a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, in ban da 'yar ƙarama mai naɗewa wadda bakinta bai wuce inci 3 ba. Hukuncin yana iya kai ɗaurin shekara 4. Ko feshin barkono haramtacce ne a can. A Nijeriya ma dokar bindigogi ta 1959 ta ɗora mallakar bindiga a kan lasisi, kuma lasisin ba ya bin mai shi ya ƙetare zuwa Nijar ko Kamaru.

Alhazai kuma su sani, nasu ya fi nauyi. Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa an hana ɗaukar makami a Makka, jumhurun malamai suka ce hanin yana kan wanda ba shi da larura. Abdullahi ɗan Umar, da tsinin mashi ya soke shi a ƙafa a Mina, ya ɗora laifin a kan Hajjaju ɗan Yusufu, domin shi ya bari aka shigo da makami cikin Harami.

Abin da ya kamaci matafiyi

Na farko, ya bincika dokar inda za shi da ta wuraren da zai ratsa tun kafin ya ɗaura kaya, domin matambayi ba ya ɓata. Na biyu, idan akwai hanyar neman izini, ya bi ta. Na uku, idan babu, ya bar makamin a gida ko hannun amintacce, kamar yadda aka yi a Ya'ajaj. Na huɗu, kada ya yi wa ma'aikatan kan iyaka ƙarya, domin ya haɗa zunubi biyu ke nan, ƙarya da ha'inci. Na biyar, idan hanya ta yi hatsari ƙwarai, ya shiga ayari, ko ya sake hanya, ko ya ɗage tafiyar.

Wanda ya ajiye makaminsa bai ajiye haƙƙinsa ba. Idan aka far masa, yana da damar kare kansa gwargwadon abin da zai tunkuɗe cutar. Amma wanda ya ɓoye makami ya shiga da shi, ya jefa kansa cikin ɗauri, ya bar iyalinsa cikin wahala, ya kuma jawo zargi ga sauran Musulmi da za su bi wannan ƙofa a bayansa. Alkawari kaya ne, mumini kuwa ba ya yar da shi a bakin iyaka.

Allah Shi ne mafi sani. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya dawo da su lafiya, amin.