Wa Ake Yi wa Dariya? Fassarorin 'Yan Kallo Game da Wasan "Mind Your Language"

Masu nazarin wasan kwaikwayo sun saba mayar da hankali ga abin da marubuci ya tsara, watau jigo da zubi da salo da taurari, su bar ɗan kallo kamar ba shi da wani aiki sai zama da tafi. Alhali kuwa a wasan ban dariya ɗan kallo ne ke ƙarasa aikin, domin magana ba ta zama raha sai an sami wanda ya dara. Wannan maƙala za ta duba wani wasan telebijin na ƙasar Ingila mai suna "Mind Your Language", watau "iya bakinka", wanda aka dakatar a ƙasarsa bisa zargin cin mutuncin baƙi, amma kuma ya sami masoya masu yawa a ƙasashen da irin waɗannan baƙi suka fito. Abin da ake son ganowa shi ne yadda aka yi wasa guda ya zama zagi a wani wuri, ya zama abin ƙauna a wani.

Vince Powell ne ya ƙirƙiri wasan, gidan telebijin na London Weekend Television ya shirya shi, aka fara nuna shi a tashar ITV ranar 30 ga Disamba, 1977. Dandalinsa wata makarantar manya ce ta yamma a birnin Landan, inda wani matashin malami, Jeremy Brown, wanda Barry Evans ya fito a matsayinsa, yake koyar da baƙi Turanci. Wurin aikin malamin ne, da duk abin da aka sani na wurin aiki: akwai shugabar makaranta mai tsananin gaske, Mis Courtney, wadda ba ta yarda da maza ba, akwai Sid mai kula da gini, da Gladys mai sayar da shayi. Ɗaliban kuwa kowa da ƙasarsa, kowa da tabon da aka yi masa. Ali Nadim mutumin Pakistan ne, in zai ce a gafarce shi sai harshensa ya karkata ya ce "squeeze me", watau a matse shi. Ranjeet Singh, mabiyin addinin Sik daga Indiya, kullum cikin ba da haƙuri dubu yake. Su-Lee 'yar ƙasar Sin ba ta amsa tambaya sai ta jawo maganar Shugaba Mao, Taro Bajapane kuma yana liƙa wasalin "o" a ƙarshen kalmomi. Anna Bajamushiya ce mai ɗaure fuska, Danielle Bafaranshiya ce mai jan hankalin maza, Giovanni na Italiya da Max na Girka kuma suna kishi a kanta. Juan ɗan Sifen yakan yi kamar bai ji ba, Jamila kuwa tana gefe tana saƙa.

A Ingila wasan ya karɓu ƙwarai tun farko, har aka ruwaito cewa 'yan kallonsa sun kai kimanin miliyan 18. Duk da haka, bayan zango uku, a 1979, sai aka tsayar da shi. Michael Grade, babban jami'in shirye-shirye na gidan, wanda shi ne ya amince da wasan tun asali, shi ne kuma ya janye shi, domin yana ganin yadda ake siffanta baƙi a ciki bai dace ba. Ba kasafai ake yanka saniyar da ke ba da nono ba, don haka dole a tambayi abin da ya sa.

Amsar tana cikin halin da ƙasar take ciki a lokacin. Shekara 11 kafin nan, a 1968, ɗan majalisa Enoch Powell ya yi jawabinsa da ya yi ƙaurin suna kan illar shigowar baƙi. A 1972 Idi Amin ya kori 'yan asalin Asiya daga Uganda, dubbai daga cikinsu suka sauka Ingila. A 1976 aka yi sabuwar dokar hana nuna bambancin launin fata. A watan Janairun 1978, makonni kaɗan bayan fara wasan, Margaret Thatcher ta yi maganar cewa jama'a na tsoron baƙi masu wata al'ada za su mamaye ƙasar. Jam'iyyar National Front tana yin maci a unguwannin baƙi, kuma a watan Afrilun 1979 aka yi tarzoma a Southall, unguwar da 'yan Asiya suka yi yawa, inda wani malamin makaranta, Blair Peach, ya rasa ransa. A irin wannan yanayi kalmar "Paki" zagi ce da kan zo tare da duka. Saboda haka masu sukar wasan ba kan kuskuren nahawu suke magana ba. Abin da suke cewa shi ne, kowane mako ana shigar da hoton Bapakistane mai wauta cikin ɗakunan miliyoyin Turawa, gari ya waye kuma Bapakistanen gaskiya ya fita aiki, ɗansa ya tafi makaranta, a tsakanin mutanen da suka kwana suna dariyar lafazinsa. Har wa yau suna tuna cewa Vince Powell na cikin marubutan "Love Thy Neighbour", wasan da aka yi daga 1972 zuwa 1976 kan maƙwabta biyu, fari da baƙi, masu jifan juna da sunayen wulaƙanci.

Masu kare wasan a can ma suna da tasu hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa a zamanin da ba a cika ganin fuskar baƙo a telebijin ba, wannan wasa ya ba 'yan wasa baƙi aiki da suna. A wani wasan BBC na wannan zamani, "It Ain't Half Hot Mum", Bature ne, Michael Bates, aka shafa wa launi ya fito a matsayin Ba'indiye. A nan kuwa 'yan Asiya ne suka fito a matsayin 'yan Asiya. Sai dai in an duba da kyau za a ga wani abin mamaki. Albert Moses, wanda ya fito a matsayin Ranjeet na Indiya, mutumin Siri Lanka ne. Dino Shafeek, watau Ali, haifaffen Dhaka ne, babban birnin Bangaladash a yau, ƙasar da ta ɓalle daga Pakistan da yaƙi a 1971. Pik-Sen Lim, watau Su-Lee, a Malesiya aka haife ta. Kevork Malikyan, Max Bagirke, Ba'armeniye ne haifaffen Turkiyya. Ke nan ko su 'yan wasan ba kansu suke kwaikwayo ba, hoton da Bature ya riga ya zana a ransa suke cikawa.

A wajen Ingila labarin ya sha bamban. An nuna wasan a Indiya da Pakistan da Siri Lanka da Malesiya da Singafo da Kenya da Nijeriya, ya kuma zauna a zukatan mutane shekara da shekaru. Ana ci gaba da kallonsa a YouTube, har waɗanda ba a haifa ba lokacin da aka yi shi. Wannan farin jini na waje shi ya sa aka farfaɗo da shi a 1986 aka yi kashi 13, Albert Moses yana cikin masu shiryawa. Wasu ƙasashe ma suka yi nasu: "What a Country!" a Amurka a 1986, "Zabaan Sambhalke" a Indiya a 1993 inda harshen da ake koyo ya koma Hindi, da "Second Chance" a Nijeriya.

Me ɗan kallo na Lahore ko Kaduna ya gani wanda bai ɓata masa rai ba? Abu na farko, wurin zamansa dabam ne. Bature in yana kallo, a bayan malami yake tsaye, yana duban aji daga sama, domin harshen da ake karyawa nasa ne. Ɗan Nijeriya kuwa a kan benci yake zaune tare da ɗalibai. Shi ma ya sha bulala a kan Turanci, an ci shi tara don ya yi harshen uwa a harabar makaranta, ya san zafin kalmar da ake rubutawa iri ɗaya a furta ta iri biyu. In Ali ya ɗauki karin maganar Turanci a kan ma'anarta ta zahiri, aji ya rikice, to, a wurin wannan ɗan kallo Turancin ne aka kama da rashin kan gado, ba Ali ba. Wasan kansa ya ba da ƙofar wannan fassara. Sid, Baturen Landan na asali, yana magana da salon 'yan unguwarsu mai sauya kalma da wata mai amo irin nata, wanda ɗaliban ba sa ganewa, kuma ya yi nisa da Turancin littafi kamar yadda nasu ya yi. Malam Brown kuwa, mai harshen, shi ne kullum ke shan wahala tsakanin shugabarsa da ɗalibansa. Akwai ma wani kashi na farko-farko inda wani baƙar fata ya shigo aji, malamin ya ɗauka sabon ɗalibi ne daga Afirka, ashe sufeton makarantu ne da aka aiko ya duba aikinsa. A wannan wuri dai Bature ne ya ji kunya.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Ɗan kallo na Pakistan yana cikin ƙasarsa, kowa a titi irinsa ne, ba wanda zai bi shi gobe yana kwaikwayon Ali. Dariyar ba ta biyo shi waje. Haka nan ɗan Nijeriya, wanda ma ba a sa ɗan ƙasarsa cikin ɗaliban dindindin na ajin ba. Abin da ya kasance ƙaya a Southall bai taɓa ƙafarsa ba.

A nan al'adar Hausawa tana da ma'auni mai amfani, watau wasan barkwanci. Bafillace da Babarbare suna yi wa juna ba'a mai zafi, haka Bakano da Bazazzage, haka Bagobiri da Bayarabe, haka taubasai, 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji, har da karɓar kuɗin shara a farkon shekara. Kalmomin da ake faɗa a wannan wasa, in da bare ne ya faɗe su, da an kai ga alƙali. Abin da ya halatta su shi ne kowane ɓangare yana da bakin ramawa, kuma dukansu sun san dangantakar da ke ƙarƙashin zagin. Da yawa daga masoyan "Mind Your Language" a wannan yanki da wannan ido suke kallon faɗan Ali da Ranjeet, ko na Su-Lee da Taro: suna ganin taubasai ne, yau faɗa gobe shiri, kuma lalle in wani ɗalibi ya shiga matsala sauran kan taru su taimaka. Fassara ce mai daɗi, amma tana da rauni biyu. Gabar Musulmi da Sik da ake yi wa dariya ta samo tushe ne daga rabuwar Indiya a 1947, inda aka yi asarar rayuka masu ɗimbin yawa, ta Sin da Japan kuma daga yaƙin da aka gama a 1945; ba tsohuwar amana ce da aka mayar wasa ba. Sa'an nan kuma ba Ali ne ya rubuta wa Ranjeet baƙar magana ba. Wani na uku ne ya rubuta wa duka biyun, don nishaɗin na huɗu. Barkwanci tsakanin malami da ɗalibai, ko tsakanin mai gida da baƙo, ba ya cika sharaɗi, domin ɗaya yana da gidan telebijin, ɗayan kuwa ba shi da inda zai rama.

Akwai wani abu a zubin wasan da masoyansa ba su cika lura da shi ba. Wasan ban dariya mai zuwa mako-mako yana buƙatar taurarinsa su tsaya yadda suke, domin in sun canja, rahar ta ƙare. A wasan da ya shafi ma'aikatan otel ko na kanti wannan ba ya cutar da kowa. Amma a nan abin da ba ya canjawa shi ne jahilcin baƙo. A ƙarshen zango na farko ɗaliban sun zauna jarrabawa, aka buɗe zango na biyu da labarin sun faɗi, suka dawo aji guda, da kurakurai guda. Shekara ta zagayo, Ali bai daina neman a matse shi ba. Mai kallo daga nesa zai ce ai dabarar ci gaba da wasa ce kawai, kuma gaskiyarsa. Amma a ƙasar da ake gardama a majalisa da kan titi ko baƙi za su taɓa zama 'yan ƙasa, wasan da ke nuna mutum 10 manya, cikinsu har da ma'aikaciyar ofishin jakadanci da wakilin kamfani, sun kasa koyon gaisuwa cikin shekara biyu, ya shiga gardamar ko bai yi niyya ba.

Bahaushe ɗan kallo yana da hanyar gwada wannan a kansa. A wasannin Hausa an daɗe ana dariyar Hausar wanda ba Bahaushe ba, ana kwaikwayon lafazin Bagwari da na Bafillacen daji, har kalmar "gwaranci" ta zama sunan duk wata magana marar kan gado. Samanja Mazan Fama, watau Usman Baba Pategi, ya gina shahararsa a kan Hausar barikin soja mai gauraye da Turancin buroka, jama'a suka so shi. Duk wannan a gida ne, kuma mai dariya yana tsaye inda Bature ya tsaya. Amma akwai wani hoton da ake yi a wasannin barkwanci na kudancin ƙasar nan: malam mai gadi ko mai sayar da goro, wanda ake kira "aboki", mai musanya "p" da "f", wanda ba ya gane abin da aka aike shi. Kuskuren lafazin gaskiya ne, yana da dalili a tsarin sautin Hausa, kuma ɗalibai a Kano ko Zariya kan tsokani juna da shi ba wanda ya damu. Mai gadin da ke Legas, wanda yaran unguwa ke bi da wannan lafazi bayan an tashi daga kallo, shi ne ke zaune a inda Bapakistanen Southall ya zauna a 1979.