Yadda Ake Haɗa Hoto Mai Fuska Biyu: A Kusa Tsoho, A Nesa Saurayi

A darasinmu na yau za mu koyi haɗa hoto mai ruɗa ido: idan ka kalle shi a kusa ka ga dattijo da furfura, idan ka ja da baya ka ga shi ne dai a zamanin samartakarsa. Wannan fasaha za ta amfani masu shagon hoto a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa, da ɗaliban kwamfuta irin na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure. Tana kuma iya zama dalilin da zai sa wani dattijon gidanku ya je a duba masa ido.

Daga ina abin ya samo asali?

Hoto mai fuska biyu ya daɗe a duniya. A 1915 mujallar Puck ta Amurka ta buga zanen W. E. Hill, wanda wani zai kalla ya ga budurwa, wani kuma ya ga tsohuwa. Amma salon da za mu yi yau, Aude Oliva da Antonio Torralba na jami'ar MIT a Amurka, da Philippe Schyns na jami'ar Glasgow ne suka gabatar da shi a 2006. Wanda ya fi shahara a cikin irinsa shi ne hoton da ke nuna Albert Einstein a kusa, Marilyn Monroe a nesa.

Sirrin shi ne kowane hoto yana ɗauke da abu biyu. Akwai ƙananan layuka, kamar tamojin goshi da gashin gemu. Akwai kuma manyan inuwoyi, wato siffar kai da duhu da haske. A kusa, ido mai lafiya ƙananan layukan yake fara kamawa. A nesa, ko idan gani ya yi dishi-dishi, layukan sai su ɓace a bar inuwoyin. Don haka za mu ɗauko layuka daga fuskar tsufa, inuwoyi daga fuskar ƙuruciya, mu ɗora wannan a kan wancan.

Abin da za ka tanada

1. Hoton mutum ɗaya guda biyu, na da da na yanzu. Tsohon hoton fasfo ko na Sallah ya wadatar. Ka nemi izinin mai hoton tukuna.
2. Duka biyun su kasance yana kallon gaba. Idan ya sa hula a tsohon, ya sa irinta a sabon.
3. Manhajar Photopea, wadda kyauta ce kuma a burauza take buɗewa, a waya ko kwamfuta. Aikin ya fi sauƙi a kwamfuta.

Matakan aikin

1. Buɗe hoton ƙuruciya ta File, sannan Open. Mayar da faɗinsa kamar fiksel 1000.
2. Shigo da hoton tsufa ta Open & Place. Zai zauna a sama a matsayin shimfiɗa ta biyu.
3. Mayar da kowannensu baƙi da fari, domin launi yana tona asirin fuskar da ke ɓoye.
4. Rage Opacity na hoton sama zuwa 50, ka ja shi har idanu su hau kan idanu, baki kan baki. Nan ne wahalar aikin take. Idan idanun suka saɓa, mutum mai ido huɗu za ka samu. Da ka gama, mayar da shi 100.
5. Zaɓi hoton ƙuruciya, shiga Filter, Blur, Gaussian Blur, ka sa 12. Zai yi hazo-hazo, haka ake so.
6. Zaɓi hoton tsufa, shiga Filter, Other, High Pass, ka sa 4. Zai koma ruwan toka, layukan fuska kawai za su rage.
7. Canza yanayin shimfiɗar sama daga Normal zuwa Hard Light.
8. Ja da baya kamar taku biyar ka duba. Idan har yanzu tsohon kake gani, rage lambar High Pass ko Opacity. Idan kuma a kusa saurayin yana leƙowa, ƙara Gaussian Blur.
9. Adana ta Export as, ka zaɓi PNG.

Wajen turawa a WhatsApp, tura shi a matsayin Document. Idan ka tura yadda aka saba, manhajar tana matse hoto, ƙananan layukan su lalace.

Idan da hannu kake zane

Ƙa'idar ɗaya ce. Zana fuskar saurayin da gawayi, ka murje da auduga har babu layi ko ɗaya mai kaifi. Sannan ɗauki fensir mai tsini ka zana tamoji da ramin ido da gemu da siraran layuka. Kada ka cike inuwa da fensirin. Furfura kuwa, da gefen magogi ake fitar da ita.

Abin da hoton ke faɗa game da ido

Miƙa wa Baba ko Inna wayar su riƙe kamar yadda ake riƙe littafi, ka tambaye su wa suke gani. Idan kai kana ganin dattijo su kuma saurayi kawai suke gani, alama ce ƙananan layuka sun fara kuɓuce musu. Daga wajen shekara 40 ƙwayar ido tana rage iya kama abin da ke kusa, shi ya sa za ka ga dattijo yana nesanta waya ko Alƙur'ani da fuskarsa kafin ya karanta. Tabarau na karatu yana magance wannan.

Amma ba kullum ne abin yake tsayawa nan ba. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma kashi 84 cikin ɗari na makantar ana iya kauce mata ko warkar da ita. Yanar ido ce kan gaba da kashi 43 cikin ɗari, alhali aikinta a asibiti gajere ne.

Sai dai a kiyaye, wannan hoto ba gwajin likita ba ne. Hawan jinin ido yakan cinye gani daga gefe, mai shi ya ga dattijon nan tangaran alhali cutar tana ci, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Saboda haka duk wanda ya haura 40 ya je a auna shi, ko ya ga tsohon ko bai gani ba. A fara da babban asibiti mafi kusa, idan abin ya fi ƙarfinsu akwai Asibitin Ido na ECWA a Kano da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. A guji masu kwantar da yanar ido da tsinke a kasuwa, domin sau da yawa makanta aikin nasu yake jawowa.

Ka gwada da hoton kakanka a wannan makon, idan ya ce saurayin kawai yake gani, kai ne za ka raka shi asibiti. Sai mun haɗu a darasi na gaba, in Allah ya kai mu.