Wasiƙa ga 'ya'yan Zangon Lome masu shirin zuwa gida

Takardar nan ta fito daga hannun wani dattijo na Zangon Lome zuwa ga 'ya'yan unguwa da neman abinci ko neman ilimi ya kai su nesa: na Jamus da Faransa da Beljiyam, da ɗaliban Azhar da na Madina, da masu karatu a Maroko. Niyyarsa ta farko ya jero musu nasihohi kan tafiya da guzurinta, tun daga katin allurar shawara da ake nema a filin jirgin Lome har zuwa ladabin shiga gidan surukai. Sai maganar wani ɗan ƙanwarsa ta tsaya masa a wuya, ta hana sauran wucewa.

Yaron ya daɗe a Jamus, yana aikinsa, yana aiko wa uwarsa abin da ya sawwaƙa, Allah ya yi masa albarka. Zai zo bikin ƙanwarsa a watan Yuni, tsakiyar babbar damina. Uwar ta ce ya biya wurin likita ya karɓi maganin kariya daga palu, wato maleriya, kafin ya taso. Sai ya turo saƙon murya ta WhatsApp yana dariya: "Haba Inna, ni da aka yanke wa cibiya a Zango? Wannan ai na Turawa 'yan yawon buɗe ido ne. Sauron gida ya san jinina."

Sauro bai san kowa ba. Abin da yaron yake taƙama da shi gaskiya ne a da: wanda ya tashi inda ake cizonsa dare da dare, ya sha zazzaɓi tun yana goye kuma ya rayu, jikinsa yakan sami wata 'yar juriya, har palu ya zo masa da sauƙi. Amma juriyar nan kamar kanta ce a tafin manomi, ranar da ya ajiye fartanya ta fara gogewa. Kafin mutum ya cika shekara biyu a ƙasar da babu cutar, ta yi rauni. Shi ya sa a Faransa, inda ake kwantar da dubban masu maleriya duk shekara, mafi yawansu 'yan Afirka ne da suka je ganin dangi suka komo. Baturen da yaron yake yi wa dariya ya sha maganinsa, ya kwana a otal mai sanyaya ɗaki. Ɗan gida kuwa ya kwana a tsakar gidan kakarsa da singileti. Ɗaliban nan ma kada su ce ai Afirka suke: Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu maleriya a Maroko tun 2010, Aljeriya 2019, Masar 2024. Wanda ya gama karatu a Alƙahira, a wurin sauro baƙo ne. 'Ya'yan da aka haifa a Turai kuwa ko ƙwayar juriyar ba su da ita.

Kuma wane Zango yaron yake nufi? Dattijon ya san tsohon Zango na tsakiyar gari, inda fatake masu goro da masu shanu suke sauka wurin masu gida, mutum ya taka da ƙafa ya isa babbar kasuwa. A 1977 hukuma ta rushe shi, aka kwashe jama'a zuwa arewa, wajen Aguwe da Togblekope, kusa da fadamar kogin Ziyo. Nan ruwa yake kwanciya. Wanda ya ga ambaliyar 2008, wadda ta karya gadoji a kan babbar hanyar arewa, ba sai an ba shi labari ba. Ko ba ambaliya, kowace damina tana barin kududdufai a sawun tayar mota da ramukan da aka haƙa don gini, kuma irin wannan ruwa mai shan rana shi macen sauro mai ɗauke da cutar take so ta yi ƙwai.

A zamanin su dattijon ana turara ɓawon lemu da magariba, a dafa ganyen darbejiya a yi surace, a haɗiyi Nivaquine mai ɗacin tsiya. Tsofaffi suna son faɗin haka kamar ƙarfi ne ya tsare su. Ba sa ƙidaya ƙannensu da aka binne kafin yaye. Nivaquine ɗin ma ta daina cin ƙwayar cutar tun tuni. Abin da ya sauya lissafi shi ne gidan sauro mai magani, kuma Togo ce ƙasar farko da ta raba shi ƙasa baki ɗaya tare da allurar ƙyanda, a watan Disamba na 2004. Ga shi yau samari suna ƙyamar sa, wai zafi, wai kamar makara. Wasu gidajen da shi ake killace kaji! Alhali a 2023 kaɗai mutum miliyan 263 suka kamu da maleriya a duniya, kimanin 597,000 suka mutu, kusan kashi 95 cikin ɗari a Afirka.

Maganin kariya ba wuya gare shi ba. Malarone ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, kullum ƙwaya ɗaya, a ci gaba har kwana bakwai bayan komawa. Doxycycline ya fi araha, amma sai an yi mako huɗu ana sha bayan an koma, kuma mai ciki da ƙananan yara ba sa shan sa. Likita ne zai zaɓa, ba abokin da ya zo bara ba. Wanda ya iya biyan kuɗin jirgi, ya sayo wayoyi da turaruka na tsaraba, ya ɗinka shadda kala uku, kada ya ce wannan ne ya fi ƙarfin aljihunsa.

Sai majalisar dare, wadda ita ce ta fi damun dattijon. Sauron palu daga magariba yake fitowa har asuba, daidai lokacin da samari suke baje a bakin titi da gajeren wando, shayi yana tafasa, ana musun ƙwallo. Ba wanda ya ce a daina hira. A sa dogon wando da safa, a shafa man korar sauro mai sinadarin DEET a idon sawu da damtse, in an tashi a shiga gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Masu wucewa Wagadugu sayen kaya su shafa da rana ma, don sauron dengi da rana yake cizo, kuma Burkina Faso ta ji jiki da shi a 2023.

Akwai wani yaron unguwa, ɗan mutanen kirki, da ya zo hutu ya koma Turai lafiya lau. Bayan kwana goma sai zazzaɓi da ciwon kai. Ya ce mura ce ta sauyin iska, ya sha paracetamol, ya tafi aiki. Abokan ɗakinsa ne suka tarar yana sambatu. Ya rayu, amma sai da aka yi masa wankin ƙoda, kuma uwarsa ta yi makonni tana kwana a kan dadduma. Irin ƙwayar cutar da take yankinmu takan taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda cikin 'yan kwanaki. Duk zazzaɓin da ya zo daga mako guda da sauka gida har watanni bayan komawa, a je asibiti a ranar, a buɗe baki a gaya wa likita daga Togo aka fito, a nemi gwajin jini. Gwajin gaggawa minti ashirin ne. In a Lome abin ya kama mutum, a gwada tukuna, sannan a sayi Coartem a famasi, ba a faranti a bakin kasuwa ba, a sha shi kwana uku cif tare da abinci mai maiƙo, ko da jiki ya yi sauƙi a rana ta biyu.

Wani zai ce rai a hannun Allah yake. Haka ne, kuma dattijon ya riga shi sani. Amma yaran nan duk sun zauna gaban malam a makarantar allo, sun ji labarin Lamarudu da sauron da ya kashe shi, sun kuma ji cewa neman magani ba ya warware tawakkali.

Sauran nasihohin, na kuɗi da na surukai, sai an sadu. Ɗan ƙanwar nan dai ya sani kawunsa zai tarye shi a filin jirgi, kuma kwalin maganin zai fara tambaya kafin tsaraba. A gaida duk 'yan Zango da ke can. Wassalam.