DARASI: RAMIN RUWAN SARKI HEZEKIYA DA ABIN DA ƘASA TA ƁOYE

Darasinmu na wannan wata domin ƙungiyoyin manoma ne na ikkilisiyoyin Damri, da Bakura, da Talata Mafara, da Maradun. Kafin a fara, sai shugaban taro ya sa wani ya karanta 2 Sarakuna 20:20, da 2 Tarihi 32:1-8, da kuma aya 27 zuwa 30. A karanta a hankali domin waɗanda ba su iya karatu ba su ji sosai.

Sau da yawa matasanmu da suka shiga makaranta sukan dawo gida da tambaya, su ce, labaran nan na Tsohon Alkawari da gaske sun faru, ko kuwa irin na Gizo da Ƙoƙi ne? Kada dattawa su yi fushi da mai tambaya. Wani sashi na amsar yana binne cikin ƙasa, akwai kuwa masana waɗanda aikinsu ke nan, su tona tsofaffin kufai, su duba tsingaro da tushen gini da rubutun da ke kan duwatsu. Za mu ɗauki labari ɗaya mu bi shi, labarin ruwa, gama manomi ya fi kowa sanin darajarsa.

Gari ba kogi

A shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, Sennakerib sarkin Assuriya, wato arewacin ƙasar Iraƙi ta yau, ya kawo wa ƙasar Yahuza yaƙi. Hezekiya ne yake sarauta a Urushalima. Birnin yana bisa tudu, ba shi da kogi. Idon ruwa guda ne babba, sunansa Gihon, yana can gindin tudu a gefen gabas, inda maƙiyi zai iya kaiwa. Kakanninmu sun san wannan damuwa. Shi ya sa ganuwar Kano ta kewaye gonaki da kududdufai, domin in an tsare ƙofofi mutane su sami ci da sha. Mu ma a ƙasar Zamfara mun ga yadda rashin tsaro yakan raba mutum da gonarsa ta nesa da wurin shayar da dabbobinsa, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Littafi Mai Tsarki ya faɗa a taƙaice cewa Hezekiya ya toshe mafitar Gihon, ya juyo da ruwan zuwa cikin birni. To, ramin nan yana nan har yau. An sassaƙe shi cikin dutse a ƙarƙashin tudun, tsawonsa mita 533, wato ya ɗara rabin kilomita. Faɗinsa bai wuce na kafaɗun mutum da yawa ba, yana kuma lanƙwasa kamar tafiyar maciji. Har yanzu ruwa yana gudu a ciki, baƙi sukan shiga da tocila su ratsa shi da ƙafa.

Ku da kuka yi noman rani a filayen Bakolori tun da aka gama madatsar a 1978, ku lura da wannan. Tsakanin bakin ramin da ƙarshensa gangaren bai fi ƙafa ɗaya ba, kamar santimita 30. Duk wanda ya taɓa daidaita fangali ya san wahalar abin. In ka yi kuskure kaɗan ruwa ya kwanta wuri ɗaya, ko ya koma baya. Su kuwa sun yi wannan cikin duhu da fitilar mai, da guduma da diga, ba inji, ba ma'aunin zamani.

A shekara ta 1880 wani yaro ɗan makaranta yana tafiya cikin ruwan ramin, sai ya ga kamar rubutu a jikin dutse kusa da mafita. Da masana suka duba, sai ga layi shida na tsohon rubutun Ibrananci. Rubutun ya ba da labarin ranar da aka gama aikin. Ashe ƙungiya biyu ce ta yi haƙan, ɗaya daga wajen idon ruwa, ɗaya daga wajen tafki. Da ya rage kamu uku tsakaninsu, sai suka soma jin muryar juna ta cikin dutse, suka yi ta sara har diga ta gamu da diga, ruwa ya wuce. Rubutun ya ce tsawon ramin kamu 1,200 ne, wannan kuwa ya yi kusa ƙwarai da awon yau. A tsakiyar ramin ana ganin inda kowane ɓangare ya ɗan kauce, ya gyara, yana neman ɗan'uwansa. Abin sha'awa, rubutun bai ambaci sunan sarki ba ko kaɗan. Labarin masu diga ne, irin wanda 'yan gayya za su so a tuna.

Da yake ba sunan sarki, yaya aka san zamanin aikin? A 2003 waɗansu masana, a cikinsu akwai Amos Frumkin na jami'ar Urushalima, suka ɗebi ɓurɓushin tsire-tsire da suka maƙale cikin shafen ramin, suka auna shekarunsu, awon ya nuna wajen shekara 700 kafin Almasihu. Akwai masana da suke ganin an fara aikin tun kafin Hezekiya. A 2025 ma an ba da sanarwar gano wata babbar madatsar ruwa kusa da mafitar ramin, tsayinta wajen mita 12, an gina ta kamar shekara ɗari kafin zuwan Sennakerib. Wato aikin ruwan Urushalima ba sarki ɗaya ne ya yi shi duka ba, kowane tsara ya ɗora kan na baya. Nan ne kuma tafkin Siluwam yake, inda Yesu ya aiki makahon nan ya wanke ido a Yahaya sura 9. A 2004 ma'aikata suna gyaran bututun ƙazamin ruwa suka ci karo da matakalansa na dutse.

Shaidar maƙiyi

A shari'a, shaidar abokin gaba ta fi ta ɗan'uwa nauyi. Sennakerib ya sa an rubuta labarin yaƙoƙinsa a kan tubalan yumɓu masu gefe shida. An sami ɗaya a kufan Nineba a 1830, yana London yanzu. A ciki ya ambaci Hezekiya da sunansa, ya ce ya ci garuruwansa masu ganuwa 46, ya kuma kulle shi cikin Urushalima kamar tsuntsu a keji. Ya ce an biya shi zinariya talanti 30, daidai da 2 Sarakuna 18:14. A kan azurfa sun sha bamban, shi ya ce 800, Littafi ya ce 300. Kada mu ɓoye wannan bambanci, yana nan. Amma duk da cika bakin Sennakerib, bai ce ya ci Urushalima ba, da ya ci kuwa da ya faɗa.

A nan aikin masu tono ya tsaya. Littafin Sarakuna ya ce Ubangiji ne ya ceci birnin. Tubalin Sennakerib ya yi shiru a kan dalilin komawarsa gida. Diga ta nuna mana akwai sarkin, akwai ramin, an yi yaƙin, birnin kuma bai faɗi ba. Zancen wanda ya cece shi kuwa, wannan na bangaskiya ne.

Rumbu da lissafin watanni

2 Tarihi 32:28 ya ambaci ɗakunan ajiya da Hezekiya ya yi domin hatsi da mai da ruwan inabi. A kufai dabam dabam na Yahuza an tono mariƙan manyan tuluna fiye da 2,000, an buga musu hatimi mai nuna cewa na sarki ne. An sami ɗaruruwa a Lakish, cikin tokar gobarar da Assuriyawa suka tayar. Masana da yawa suna ganin tanadin abinci ne. Ma'ajin ƙungiya da yake sa alama a buhunan rumbun ƙungiya, ya sani sana'arsa tsohuwa ce.

Akwai kuma wani ɗan allon dutse da zai shiga tafin hannu, an same shi a Gezer a 1908, ya girmi Hezekiya da shekara ɗari biyu ko fiye. Wani ne ya jera ayyukan gona na shekara a kai: watannin tattara amfani, na shuka, na shukar baya, sa'an nan tumɓuke wata irin rama da ake saƙa lilin da ita, girbin sha'ir, girbin sauran hatsi, gyaran inabi, da 'ya'yan itatuwa. Ku buɗe Rut 2:23, za ku ga sha'ir ne ya riga alkama. A Fitowa 9:31-32 ma ƙanƙara ta lalata rama da sha'ir, alkama ta tsira domin ba ta kai ba. Waɗanda suka rubuta waɗannan labarai sun san gona. Damunarsu tana faɗuwa ne lokacin hunturunmu, shi ya sa alkamarsu take girma a watannin da tamu ta noman rani take girma.

Sai dai a yi hattara. Ba kowane tono ne ya fito yadda mai wa'azi zai so ba. A Yariko, John Garstang ya yi tono wajen 1930 zuwa 1936, ya ce ya sami garun da ya faɗi a zamanin Joshuwa. Kathleen Kenyon ta sake tono daga 1952 zuwa 1958, ta ce rushewar ta riga wancan zamani da nisa. Har yau ana gardama, galibin masana kuwa sun fi karkata wajenta. In wani ya zo muku da hoto ya ce ga jirgin Nuhu an gano, kada ku ɗauka ku kai bagade, ba wanda ya tabbatar da haka. Mai ƙara gishiri domin ya kāre Littafi, shi ne yake sa yaro ya ƙi yarda da gaskiyar da ke hannu.

Namu kufai

Abin da yawanci ba mu sani ba shi ne, ƙasarmu ma tana riƙe da shaidar zamanin nan. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan mutum-mutumi na yumɓu kusa da Nok a kudancin Kaduna. Wajen 1943 aka sami wani kai na yumɓu, wani ya kai shi gonar doya ya kafa domin korar tsuntsaye, kafin ya isa hannun Bernard Fagg a Jos. Bincike ya nuna mutanen Nok suna gina irin waɗannan tun wajen shekara 900 kafin Almasihu, suna noman gero da wake. Wato sa'ad da masu digar Hezekiya suke sarar dutse, akwai manomi a ƙasar nan yana casar gero. A 1987 kuma wani Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ya tarar da kwalekwale mai shekara kusan 8,000. Littattafan Tekun Gishiri ma, waɗanda a cikinsu akwai Ishaya cikakke da aka kwafa tun kafin haihuwar Yesu, makiyayi ne ya fara samunsu cikin kogo a 1947.

A yankinmu na Sakkwato da Katsina an tono irin waɗannan siffofi na yumɓu da yawa, amma kusan duka a ɓoye aka haƙe su aka sayar wa dillalai, suka ƙetare teku. Saboda haka tarihin waɗanda suka gina su ya kusa ɓacewa, gama abin da aka raba da wurinsa ya zama kamar takardar gona da aka yage sunan mai ita. Rubutun ramin Hezekiya ma ya sha wannan. Wajen 1890 wani mai kwaɗayi ya sa aka ɓamɓare shi domin sayarwa, ya farfashe, da ƙyar hukuma ta ƙwato shi, yau yana Istanbul. Sa'a ɗaya, an riga an kwafe shi tun yana jikin dutse.

Don haka in garma ko diga ta ci karo da tsohuwar tukunya, ko siffar yumɓu, ko kashin maƙera a tsohuwar matoya, a dakata da tono. Kada a fasa don neman dukiya a ciki, kada a wanke, kada a kwashe. A sa alama a wurin, a gaya wa mai unguwa ko hakimi, su sanar da hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa, wadda take da gidajen ajiya a Jos da Kaduna da Gidan Makama a Kano. Dokar 1979 ta hana cinikin irin waɗannan kaya. Kafin taro na gaba, kowace ƙungiya ta tambayi tsofaffinta sunayen kufan da ke kewaye da gonakinta, da abin da suka ji game da mutanen da suka zauna a wurin, magatakarda ya rubuta a littafin ƙungiya.