Rabuwa da Ɗan Kare Idan Riƙonsa Ya Gagara: Abin da Ya Kamata a Auna a Ƙasar Bagudo

A ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin kuma Kogin Kwara ya ratsa ta jim kaɗan bayan shigowarsa Nijeriya, kare dabbar aiki ce tun fil azal, domin makiyayan ƙasar Kaoje suna riƙe shi don tsaron ruga, manoma suna ajiye shi don korar birai daga gona da gadin rumbu, mafarauta kuwa ba su fita daji da rani sai da shi. Matsalar da ake yawan kawo wa malaman dabbobi ba ta taso daga waɗannan ba. Ta fi fitowa ne daga magidancin da ya karɓi kwikwiyo yana ɗan mitsitsi saboda sha'awar yara ko tsoron ɓarayi, sai bayan wata shida ko bakwai ya tarar da dabbar da ke yayyaga tabarmi da takalma, tana bin kajin maƙwabta, tana haushi har asuba, matan gida suna ƙorafin ta lashe kwanuka, maƙwabci kuma ya fara zancen kai ƙara wurin mai unguwa. A nan ne tambayar take tasowa, ko a ci gaba da haƙuri, ko a nema wa karen wani gida.

Abin da ya kamata a fara rarrabewa shi ne ɗabi'ar da shekaru ke kawowa da wadda ta zauna daram. Kwikwiyo yana zubar da haƙoran nono ya fitar da na dindindin tsakanin wata uku zuwa wajen wata bakwai, kuma ƙaiƙayin dasashi ne ke sa shi tauna duk abin da ya samu, ba mugunta ba. Daga wata shida har zuwa shekara ɗaya da rabi yana cikin lokacin balaga, wato lokacin da jikinsa ya yi ƙarfi amma hankalinsa bai zauna ba, sai a ga ya daina amsa kiran da ya saba amsawa, ya tsiri yawon dare, namiji yana bin ƙanshin karya har ƙauyen gaba. Yawancin wannan rawar kai tana lafawa kafin ya cika shekara biyu. Akwai kuma wani lokaci da ya riga ya wuce kafin mai gida ya farga, wato daga mako uku zuwa wajen mako goma sha biyu na rayuwarsa, wanda masana halayyar dabbobi ke kira lokacin sabo, domin abin da kwikwiyo ya saba gani a cikinsa, mutane ne ko awaki ko kaji ko ƙarar babur, shi ne ba zai tsorata da shi ba idan ya girma. Wanda aka raba da uwarsa kafin mako takwas, ko aka kulle shi a lungu bai ga kowa ba, ya fi zama matsoraci, kuma kare matsoraci ya fi saurin cizo a kan mai ƙarfin hali.

Bayan shekaru sai a duba hannun mai riƙon, domin sau da yawa laifin da ake ɗora wa kare na gidan ne. Karen da abincinsa bai wuce ƙanzon tuwo sau ɗaya a yini ba dole ya kama kaza, wanda kuma aka ɗaure da gajeriyar sarƙa a rana tun safe har magariba, a ƙasar da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, dole ya yi haushi ya kuma ƙullaci duk mai wucewa. Tsutsar ciki da kaska da ƙazuwa su ma suna hana dabba sukuni, su sa ta faɗa ba gaira ba dalili. Saboda haka shawarar da ta fi dacewa ita ce kada a yanke hukunci kafin a yi gwajin mako huɗu zuwa shida, wanda a cikinsa za a kai karen ga malamin dabbobi ya ba shi maganin tsutsa da na kaska, a riƙa ciyar da shi sau biyu ko uku a yini a lokaci sananne da abincin da ke ɗauke da ɗan kifi ko nama ko wake, a tanadar masa inuwa da ruwan da ba ya yankewa, a kuma fita da shi gona ko bakin fadama safe da yamma har ya gaji. Mutum ɗaya ne ya kamata ya riƙe horonsa da kalmomi ƙalilan marasa canzawa, yana saka masa da ɗan abinci nan take idan ya bi umarni, domin kare ba ya haɗa dukan da aka yi masa da la'asar da kazar da ya kama da hantsi; abin da yake koya daga dukan kawai shi ne tsoron hannun mutum. Fiɗiya, wato cire ƙwayoyin haihuwa a hannun likitan dabbobi, tana rage yawon namiji, amma ba ta gyara karen da tsoro ke sa shi cizo.

Ƙorafin tsarki, wanda shi ne ya fi raba kare da gidajen Musulmi, yana da mafita a fiƙihun da mutanen yankin ke bi. Mazhabar Malikiyya ba ta ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, kuma wanke ƙwaryar da ya lasa sau bakwai bin umarni ne, ba hukunci ne da ƙazantar dabbar ba. Sai dai Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamai a duk ƙasar Hausa, ta taƙaita riƙon kare ga tsaron shuka da rakiyar dabbobi da farautar neman abinci, ko da yake malaman baya sun shigar da gadin gida cikin wannan idan akwai buƙata ta haƙiƙa. Abin lura shi ne fiƙihu da ilimin dabbobi sun haɗu a wuri guda, domin karen da ba shi da aikin yi shi ne wanda shari'a ba ta ƙarfafa riƙonsa ba, kuma shi ne wanda ya fi addabar gida. Idan akwai aikin, ware masa kasko nasa da makwanci a wajen tsakar gida, kusa da garke ko ƙofar zaure, yakan kashe rigimar.

Idan gwajin ya ƙare ba a ga sauyi ba, ko kuma dalilin wahalar ba mai gyaruwa ba ne, rabuwa ita ce daidai, kuma babu abin kunya a cikinta. Magidancin da ke tafiya ci-rani ya bar gida watanni ba mai kula da dabbar, da wanda abincin iyalinsa da ƙyar yake kai su ƙarshen damina, da mai zaman haya a tsakiyar gari inda babu fili, duk ba su da abin da kare ke buƙata, kuma jinkirinsu ƙara wa dabbar wahala ne kawai, tunda ɗan wata takwas ya fi saurin sabawa da sabon ubangida a kan ɗan shekara uku. Haka nan karen da ke yi wa ƙananan yara gurnani idan sun kusanci abincinsa, ko ya taɓa kai musu hari, bai kamata a ci gaba da gwaji da shi a gidan da ke cike da yara ba.

Kafin kowace irin miƙawa akwai sharaɗin da ba a tsallake shi, wato batun ciwon haukan kare. Wannan cuta ce da ƙwayar bairos ke haddasawa, tana bin jijiyoyi daga wurin cizo zuwa ƙwaƙwalwa, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum kusan babu mai tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, har kashi 99 cikin ɗari ta hanyar karnuka, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Hatsarin a nan shi ne sauyin hali farat ɗaya, kamar kare mai fara'a ya koma faɗa, ko ya riƙa cizon itace da ƙasa, ko muryarsa ta canza yawu yana dalala, yana iya zama farkon cutar, alhali mai gida yana ɗauka taurin kai ne har ya yi gaggawar kai shi wani ƙauye. Ƙa'idar ita ce duk karen da ya ciji mutum a tsare shi kwana goma a inda ba zai kai ga kowa ba, ana ba shi abinci da ruwa, domin idan ya cika kwanakin lafiya lau to babu ƙwayar a yawunsa ranar da ya yi cizon. Wanda aka ciza kuwa ba ya jiran kwana goman, sai ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar domin allurar bayan cizo, ko da zai kai shi har Birnin Kebbi. Karen da bai ciji kowa ba ana yi masa riga-kafi tun yana wata uku, a maimaita duk shekara, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu sarrafa wannan allura a Nijeriya. Garkuwar jiki tana ɗaukar kusan wata guda kafin ta kankama, don haka allurar da aka yi da safen ranar miƙawa ba ta wadatar ba. Shi kuwa karen da ba shi da riga-kafi kuma wani kare da ake zargi da hauka ya cije shi, ba a ba da shi ga kowa sam, domin cutar tana iya ɓuya a jikinsa makonni ko watanni. Hukuncinsa na likita ne.

Zaɓen wanda za a ba shi ya kamata ya bi halin karen. Mai yawan gudu da bin sawu ya dace da mafarauci, mai yawan haushi ya dace da gidan gona ko lambun da ke nesa da gari, amma wanda ya riga ya ɗanɗani jinin ɗan akuya ba a kai shi ruga, komai roƙon mai karɓa. Wajibi ne a faɗi aibinsa ƙarara, domin ɓoye cewa ya taɓa cizo ha'inci ne da kan iya jawo asarar rai, kuma karen da aka miƙa bisa ƙarya yakan ƙare a kan titi cikin 'yan kwanaki. Ana haɗa shi da katin allurarsa da kaskonsa da buhun da ya saba kwanciya a kai, sabon mai shi ya tsare shi a inuwa mako ɗaya ko biyu yana ciyar da shi da hannunsa, in ba haka ba zai kama hanyar tsohon gida. Kyauta ta fi sayarwa aminci, saboda ra'ayin da ya fi shahara a Malikiyya bai yarda da cin kuɗin kare ba, ko da yake Sahnun, ɗaya daga malaman mazhabar, ya halatta sayar da wanda aka yarda a riƙe. Ban da haka, baƙon da ya zo da kuɗi bai tambayi halin dabbar ba sau da yawa falke ne mai tara karnuka zuwa kasuwannin nama irin ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta Filato, kuma ya kamata mai bayarwa ya san haka kafin ya karɓi kuɗin.

Zaman iyaka yana ƙara wa lamarin nauyi. Mutanen Lolo da Illo da Tsamiya suna da dangi da surukai a Madekali da Malanbil da Segbana na ƙasar Benin, kuma ɗora kwikwiyo a kwalekwale ko babur a kai wa ɗan'uwa a tsallake ba ya kama da fitar da dabba zuwa wata ƙasa a idon mai yin sa, amma a idon doka haka yake, domin ƙetare iyaka da dabba yana buƙatar shaidar lafiya da ta riga-kafi daga jami'an dabbobi. Hujjar dokar a fili take. Masana sun nuna cewa sai an yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki riga-kafi kafin yaɗuwar cutar ta yanke, kuma kare guda mai ɗauke da ita da aka shigar daga waje yana iya rushe aikin shekaru, ko a ɓangaren Alibori ta Benin ko a ɓangaren Kebbi. Mafi muni daga wannan shi ne al'adar kai kare kasuwar nesa ko tsallaken kogi a sake shi a juyo, wadda wasu ke ɗauka tausayi ce tunda ba a kashe shi ba. Ɗan karen da ya tashi a gida bai iya neman abinci ba, ƙarshensa yunwa ko jifa ko shiga ayarin karnukan juji, inda cizo ke yawo daga baki zuwa baki. Addinin da ya ruwaito azabar matar da ta kulle kyanwa har ta mutu da yunwa, da gafarar da aka yi wa wanda ya shayar da kare mai ƙishirwa, bai bar wa mai yasarwa wata mafaka ba.

Akan sami kare ƙalilan da cizonsa ya yi tsanani kuma ya maimaitu har babu gidan da za a amince a kai shi. Irin wannan ba a zuba masa guba, saboda gubar tana kashe ungulu da kaji da karnukan maƙwabta, wani lokaci har ta kai ga yara. Likitan dabbobi ne ke duba shi, ya kawo ƙarshen rayuwarsa ta hanyar da ba azaba idan ya ga babu makawa. Duk magidancin da riƙon ɗan karensa ya fara gagararsa, ya fara da sashen kula da dabbobi na ƙaramar hukuma ko asibitin dabbobi mafi kusa, ya nemi a duba lafiyar karen a yi masa riga-kafi, kafin ya yi wa kowa alkawarin ba shi.