Ɗana, Ka San Jirgin Kafin Ka Taɓa Shi

Ɗana, na ji ka sayo tsohon jirgin ruwa na wasa a kasuwar gwanjo can Ingila, irin mai ƙyallen iska da ake tuƙawa da rimut daga bakin tafki, kuma har ka fara tunanin sake masa fenti da canza masa komai. Allah ya sa alheri. Amma ajiye sukundireban nan tukuna, ka nemo tef ɗin awo da sikeli.

Waɗannan jiragen aji-aji ne, kowane aji da dokarsa, kuma tsawon jirgi shi ne shaida ta farko. In ka auna daga goshi zuwa baya ka sami inci 50, wato kusan santimita 127, to da alama ɗan ajin Marblehead ne. Wani Ba'amurke mai suna Roy Clough ya fito da wannan aji a farkon shekarun 1930 a garin Marblehead na jihar Masacuset, kuma ana cewa ya zaɓi tsawon ne don jirgin ya shiga kujerar bayan mota. Dokarsu ta kayyade faɗin ƙyalle a murabba'in inci 800. In mita ɗaya ne cif, kuma nauyinsa da komai a jiki bai gaza kilo 4 ba, ka yi zargin ajin mita ɗaya na duniya, wanda aka kafa a 1988. Sai dai kada ka yi saurin yanke hukunci, domin Seawind na kamfanin Kyosho na Japan da Soling na Amurka su ma suna nan wajen mita ɗaya. Wanda bai kai santimita 80 ba, jikinsa farar roba, sau da yawa Victoria ne na Thunder Tiger.

Bayan awo sai ka shimfiɗa babban ƙyallen a ƙasa. Can kusa da samansa akan buga alamar aji, ƙarƙashinta kuma lamba. Ko an ɓamɓare su, gam yakan bar tabo, ka ɗaga ƙyallen ga haske za ka gani. Ka haska tocila cikin jirgin kuma, don masu ƙira sukan rubuta suna ko lamba a bangon ciki. Ka ɗauki hoto ta gefe, ta sama, ta ƙasa, ka kai wa ƙungiyar masu wannan wasa mafi kusa da kai. Uwar ƙungiyarsu a Ingila tana nan tun 1911, kuma akwai dattawa a cikinsu da za su kalli lanƙwasar jiki kawai su faɗa maka wanda ya zana shi. Matambayi ba ya ɓata.

Akwai abu guda da nake so ka duba da kyau. In jikin na katako ne, kuma a bayansa akwai wani ƙarfen tagulla mai siffar yankin wata da ramuka a jere, ko ramukan da aka cire irinsa, to jirginka ya girmi rediyon da ke cikinsa. Kafin zuwan rimut, sakin jirgi ake yi ya ƙetare tafki shi kaɗai, iska da igiyoyi suna tuƙa shi ta wannan ƙarfen, mai shi kuma yana gudu ya zagaya ya tare shi da gora. Irin wannan ba a goge shi da inji, ba a fesa masa fentin mota. Akwai ƙungiya ta musamman a Ingila da wata a Amurka masu kula da tsofaffin nan, su ya kamata ka fara tuntuɓa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da za ka canza ba tare da wani juyayi ba shi ne rediyo da batir. Tsofaffin rimut masu doguwar eriya suna aiki a kan megahaz 27 ko 40 a Ingila, 75 a Amurka, kuma in mutum biyu suka haɗu a zango ɗaya sai rimut ɗin wani ya riƙa juya jirgin wani. Na yanzu mai gigahaz 2.4 ya kawar da wannan rigima, ga shi da araha. Aibinsa ɗaya: saƙonsa ba ya ratsa ruwa. Eriyar risibarsa, wato na'urar karɓar saƙo da ke cikin jirgin, 'yar guntuwa ce, in ka bar ta a ƙasan jirgi, ko ka jingina ta da ƙarfe, za ka rasa jirgin da zarar ya kwanta gefe. Ka ɗaga ta sama, dab da rufin.

Tsohon batir kuwa kada ka ce za ka farfaɗo da shi. Ka fere baƙar wayarsa ka gani. In tagullar ciki ta yi baƙi tana marmashewa, cutar ta bi waya har makunni, duk ka cire. Sannan ka yi hattara da ƙarfin sabon. Ƙananan injinan nan biyu, na juya jirgi da na jan igiyar ƙyalle, yawancin na da an yi su ne don bolt 4.8 zuwa 6. Batirin litiyam mai gida biyu yana kaiwa 8.4 in ya cika, yana iya ƙona su. Haka kuma jerin wayoyi a filogin tsofaffin injinan Sanwa ya bambanta da na sauran kamfanoni, ka tabbatar kafin ka jona. A ganina injin juyawa a sake shi kawai, ba shi da tsada. Na jan igiya in yana da rai a bar shi, amma ka fara gwada shi igiya a kwance, don sabon rimut zai iya jan sa fiye da yadda ya saba ya tsinke wani abu. Ka saita kuma yadda in saƙo ya yanke, ƙyalle zai saki.

Abin da ba na so ka taɓa shi ne mazaunin sandar ƙyalle da nauyin dalmar da ke ƙasan jirgi. Wanda ya ƙera shi ya sha wahala kafin ya daidaita su. Ka matsar da sandar baya kaɗan, jirgi ya riƙa kai goshi cikin iska yana ƙin tafiya. Ka kai ta gaba, ya riƙa zamewa yana gudun iska. Ka yi alama a inda ka same ta. Sabon batir bai kai tsoho nauyi ba, saboda haka ka ajiye shi daidai inda tsohon yake, in ya cancanta ka ƙara ɗan nauyi. Dalma guba ce, kada ka goge ta a ɗaki, kuma ka wanke hannu kafin ka ci abinci. In jikin na roba ne, ka nisanta shi da tina da makamantanta, narkewa yake yi.

Ƙyallen da ya saki ko ya fara yagewa a hannu, ka yi sabo, amma da awon tsohon, in kana so wata rana a karɓe ka a gasar ajin. Tsohon kuma ka naɗe ka adana, shi ne takardar shaidar jirgin.

Kafin tafki, ka sa shi a bahon wanka na ɗan lokaci ka ga inda ruwa ke shiga. Yawanci ta bututun sandar juyawa ne ko murfin sama, ɗan giris da tef suna magance su. Ranar fita ta farko ka zaɓi iska mai laushi wadda ke busowa zuwa inda kake tsaye, kuma ka je tafkin da 'yan ƙungiya ke da kwalekwalen ɗauko jirgi. In ya tsaya cak a tsakiya, don Allah kada ka shiga ruwa ka bi shi. Ruwan Ingila yana da sanyin da ke kama gaɓoɓin gwanin iyo cikin 'yan mintoci. Ka tsaya a baki ka jira iska ta kawo maka shi.